Dogon hutu: a nema wa yara aiki tun kafin a rufe makaranta

Ya Edita,

Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin in yi magana da iyaye da matasa 'yan sakandare kan aikin dogon hutu. Hutun yakan kama daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, mako shida ko bakwai. Wanda ya bari sai an rufe makaranta sannan ya fara nema, zai tarar wasu sun riga shi. A fara tun saura mako biyu a gama jarrabawa.

A kasuwanninmu amana ake ɗauka kafin iyawa. Mai shago a Kantin Kwari ko kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ba zai damƙa wa baƙon yaro kayansa ba sai ya ga wanda ya tsaya masa. Don haka uba ko kawu ko malami ya raka yaron. A je da safe, lokacin da ake buɗe shago, kafin masu saye su cika. Yaron ya gaisa, ya faɗi abin da ya iya ba tare da ƙari ba: lissafi, rubuta rasit, sarrafa waya. Ya kuma faɗi ranar da zai koma makaranta. Ɓoye wannan shi ke jawo ɓacin rai daga baya.

Inda aka fi yin sakaci shi ne sharaɗi. Kunya takan hana a tambaya, sai wata ya ƙare a fara "ai ba mu yi haka da kai ba". Tun ranar farko a tsayar da magana a gaban shaida: aiki ne na lada ko koyon sana'a? Kullum za a biya ko mako-mako? Kuɗin abinci da na mota a kan wa? Wurin gyaran waya ko ɗinki, yawanci kuɗin abinci kawai ake bayarwa, kuma a mako shida yaro ba zai wuce manna gilashin waya ko sa maɓalli da guga ba. Hakan ba laifi ba ne, muddin ya sani tun farko.

Aikin POS na buƙatar kulawa ta musamman. In an samu giɓin kuɗi, a kan yaro yake faɗawa. A ƙirga kuɗi tare safe da yamma, a rubuta a littafi, kuma kada ya miƙa ko sisi sai ya ga kuɗin sun shiga asusu da idonsa, domin alat na bogi ya yi yawa.

A karkara kuwa damina ce, akwai ƙwadagon maimai da zuba taki, amma kada a ba yaro feshin maganin ciyawa.

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta hana wanda bai kai shekara 16 ba yin aiki fiye da awa 4 a jere ko awa 8 a rana. Iyaye su riƙe wannan, su kuma leƙa wurin aikin da kansu, musamman na 'ya'ya mata. Duk wanda ya nemi "kuɗin fom" ko lambar BVN ta WhatsApp da sunan ba da aiki, damfara ce, a toshe lambarsa.

Naku,
Wani mai koyar da sana'a, Kano