Bahaushe Kirista ba baƙo ba ne

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni ɗan fili in amayar da abin da ya tsaya min a wuya tun bara. Ni Musulmi ne, amma gidan da ke jikin namu na Kiristoci ne, Hausawa gaba da baya. Kakanninmu tare suka sare dajin da ya zama ƙauyenmu.

'Yar gidan ta samu gurbin karatu, aka ce ta kawo takardar shaidar zama 'yar asalin ƙaramar hukuma. Ni na raka ta sakatariya. Ma'aikacin ya karanta sunanta, ya ɗago kai ya ce, "Daga ina iyayenki suka zo?" Wallahi sai da kunya ta rufe ni. Sau huɗu muna komawa kafin a ba ta takardar da ɗana ya karɓa cikin yini guda.

Haka yake a firamarenmu. In lokacin darasin addini ya yi, yaransu sai su koma gindin darbejiya su zauna, don babu malamin da zai koya musu nasu. Cocinsu kuwa kwanon rufi ya ruɓe, sun nemi izinin sake gini, kullum sai a ce su dawo.

Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda shi. Kafin wannan ma, Alƙur'ani ya ce babu tilas a addini, kuma sarkin Habasha yana Kirista ya ba sahabbai mafaka lokacin da Makka ta yi musu zafi. An buga Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932. Farfesa Ishaya Audu, ɗan Anchau, Bahaushe Kirista, shi ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, daga baya Shagari ya naɗa shi ministan harkokin waje. Shi ma za a tambaye shi daga ina ya zo?

Muna kuka, da gaskiyarmu, in aka hana 'ya'yanmu sa hijabi a wasu makarantun Kudu. To da wane baki, in muna yi wa na kusa da mu irin wannan?

Ina roƙon ku tura wakilinku ƙauyukan kudancin Katsina da Kano, ya zauna da mutanen nan, ya kuma tambayi shugabannin ƙananan hukumomi.

Naku,
Mai karatu daga Jihar Katsina