Zuwa Ga Ummi, Kan Alkawarin Littafi 52

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ummi, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya ruwa a Samaru? Mu nan lafiya lau. Abbanku ya samu sauƙin ƙafar har ya koma fita masallaci, ƙannenki kuma kullum sai sun tambayi ranar hutunku.

Takarda na zaɓa maimakon kira, domin a waya ke ce mai magana, ni kuwa nawa "to" ne da "haka ne". Jerin littattafan nan da kika turo mini ne ya sa na zauna rubutu. Na ga kin ɗaukar wa kanki alkawarin karanta littafi 52 bana, ɗaya kowane mako, kin kai 21, manhajar kuma tana ta tuna miki cewa kina baya da bakwai. Na ji daɗi ƙwarai. A ce yarinya mai shekarunki da waya a hannu, gasar da ta zaɓa ta shiga ita ce ta karatu, ai sai hamdala. Allah ya yi miki albarka. Ba hana ki zan yi ba.

Amma ki sake duba jerin da kanki, daga sama zuwa ƙasa. Na watan Janairu da Fabrairu masu kauri ne. Daga Afrilu suka fara ramewa. Biyar ɗin ƙarshe babu wanda ya kai shafi 100. Ban ce lalaci ba ne, na san 'yata. Lissafin ne ya tura ki can. Goodreads ɗin da kike amfani da shi, wato manhajar da ke ƙirga miki littattafan, ya fara wannan gasa ta shekara-shekara a 2011, kuma sunayen littattafai yake ƙirgawa: mai shafi 40 ɗaya ne, mai shafi 800 ma ɗaya ne. Tun 2013 kamfanin Amazon ne ya mallake shi, wato mai sayar da littafi. Ba na zarginsu da mugun nufi, amma duk mai shago ya fi son ki gama na hannunki da wuri ki dawo. Littafi mai shafi 300 a mako guda yana nufin shafi 43 kullum, ga lacca, ga gwaji, ga wanki da girki, ga azumi da ya ratsa. Wanda aka bari a baya kuwa ƙofa biyu gare shi: ko ya koma wa sirara, ko ya riƙa tsallake shafuka yana cewa ya karanta. Kin shiga ta farko. Ta biyun nake guje miki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Shaihu Umar. Kin ba shi tauraro biyu, kika rubuta a ƙasa wai labarin a kwance yake, babu abin da ke faruwa. Ummi! Littafin da na yi shekaru ina koyarwa a aji, kika gama da shi da yamma ɗaya don ki cike gurbin mako.

Bari in tuna miki inda ya fito. A 1933 Hukumar Fassara da ke nan Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Kafin nan malamanmu sun daɗe suna rubutu da ajami, amma galibi waƙoƙin wa'azi ne da na ilimi; zama a ƙago dogon labari a zube a rubuta shi sabon abu ne, har wasu na ganin bai dace da mai ilimi ba. Daga wannan gasa aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Imam yana da shekara 22 a lokacin, Ɓalewa bai ma kai shi ba. Sa'o'inki ne. Babu wani littafi irin nasu a gabansu da za su duba su kwaikwaya da Hausa, kowa ya nemi hanyarsa. Imam ya bi ta raha da wayo, Bello Kagara ya bi ta kirarin yaƙi, Ɓalewa kuwa ya sassauta murya.

A cikin wannan sassautacciyar muryar aka sace yaro, aka yi cinikinsa, aka ƙetara Sahara da shi. Uwarsa ta bar gida ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa hannun masu bauta. Wannan ne kika ce babu abin da ke faruwa? Abin da ya ruɗe ki shi ne mai ba da labarin dattijon malami ne zaune cikin almajiransa, yana faɗin abin da ya same shi ba kuka ba ɗaga murya. Mai sauri ba zai ji nauyin ba, don marubucin bai buga masa ganga ya ce ga wurin kuka ba. Na tuna wata shekara muna tsakiyar karanta shi a aji, wata yarinya da ke zama can baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, me ya sa bai yi fushi ba?" Ajin ya yi tsit, sannan ya kaure. Wasu suka ce tawakkali ne, wasu suka ce ai shi ya samu ilimi da daraja a ƙarshe, uwar ce ta sha wuyar banza, kuma da ita aka ba bakin magana da labarin ya canza. Har aka kaɗa ƙararrawa ba mu koma kan darasi ba, ban kuma yi baƙin ciki ba.

Kin ga da haka kika rubuta, cewa littafin ya karɓi bauta a matsayin ƙaddara cikin sauƙin da bai kwanta miki ba, ko cewa an tauye uwar, da ko tauraro ɗaya kika ba shi sai in ce madalla, mu zauna mu yi musu. Ba dole ne ki so abin da nake so ba. Ni kaina Ganɗoki bai taɓa shiga raina ba, cika bakinsa yana gajiyar da ni, kuma na san manyan malamai da ke ganin ya fi sauran ƙarfin harshe. Amma "bai yi mini ba" labarinki ne ke, ba labarin littafin ba. Mai karanta sharhinki bai ƙaru da komai ba, sai dai ya san ranar kina cikin gajiya.

Idan kika rufe littafi, kafin ki taɓa taurarin nan, ki tambayi kanki a ina kika yarda da marubucin, a ina kuma kika kama shi yana tura mutanensa su yi abin da mutum ba zai yi ba don kawai labari ya tafi. Ki duba wa aka hana magana a ciki. Sau da yawa kishiya ce, ko 'yar aiki, ko tsohuwar da aka ajiye don ta zama muguwa. Sannan ki ba shi kwanaki. Akwai littafin da zai hana ki barci yau, bayan wata guda ko sunan jarumar ba za ki tuna ba. Akwai wanda za ki ajiye kina tsaki, ya yi ta dawo miki kina tsakiyar wanke-wanke.

Kakanki Malam, Allah ya jiƙansa, a zaure yake ba da karatu. Ɗalibi zai fara da Ahalari, ya wuce Ishmawi, ya shiga Iziyya, sannan Risala. Layi kaɗan ake biya masa a rana, baƙi da fassara, ya tafi ya maimaita. Ban taɓa jin an tambayi ɗalibi littafi nawa ya sauke bana ba. Mas'ala ake jefa masa a ga ko ya riƙe. Na san ƙagaggen labari ba fiƙihu ba ne, kuma akwai labaran da don a kwankwaɗe su dare ɗaya aka rubuta su, babu laifi a hakan. Amma akwai masu son irin wancan zama, kuma su ne gasa take fara korewa daga hannun mutum.

Sai magana ta biyu. Da na tambaye ki me ya sa babu littattafanmu na Kano a jerin, kika ce ke kin wuce shirmen soyayya. Wannan kalma ta yi miki girma a baki.

Lokacin da muke amare, a shekarun 1990, akwai mai hayar littattafai a bakin layinmu, tebur ɗaya da benci. Yaro ake aikawa da kuɗin haya ya karɓo. Littattafan sirara ne, takardar ta yi laushi don yawan hannu, wani an ɗinke bayansa da zare, wani an rubuta a gefen shafi "Allah ya isa, Alhaji". Na ɗaya zai ƙare daidai inda aka miƙa wa matar takardar saki, a aika neman na biyu a ce yana gidan wance, sai jibi. Bayan sallar isha'i a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a kunna fitilar ƙwai, ni ce mai karantawa da ƙarfi don yawancin matan gidan ba su yi boko ba. Goggonki Babba ba ta bari a wuce shafi uku ba ta tsayar da ni ba. Ta ce matar nan kada ta koma, ta kawo dalili daga abin da mijin ya faɗa tun a littafi na ɗaya, wanda ni mai karatun ma na manta. Wata ta ce za ta koma saboda 'ya'ya. A yi ta yi har a ji gyaran muryar maigida. Biyu daga cikin matan nan saboda littattafan suka shiga makarantar yaƙi da jahilci, don sun gaji da jiran sai na samu sarari. Ban taɓa zama da masu sharhin da suka fi su riƙe labari ba, kuma babu wadda ta san adadin da ta saurara.

A cikin abin da kika kira shirme akwai So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980 bayan gasar kamfanin buga littattafai na NNPC, ya buɗe wa mata ƙofar wannan fage. Akwai Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, ta dawo ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, labarin matar da miji ya kora da 'ya'yanta bayan ya yi amarya, ta kama sana'ar abinci ta riƙe gidanta. A 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa ta Ingilishi. Auren dole, saki ba dalili, hana 'ya mace karatu, duk an faɗe su a fili a waɗannan littattafai da bakin mata. Sun kuma sha suka. A 2007 har tara littattafai aka yi aka cinna musu wuta a bainar jama'a a Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Ba na so 'yata ta yanke wa rubutu hukunci a dunƙule ba ta buɗe shi ba.

Ba kuma cewa nake duka na kirki ne ba. Da yawa tarkace ne: saurayi attajiri mai ji da kai, shafi uku ana kwatanta falo da motoci, yarinya talaka amma dole fara ce mai dogon gashi. Yanzu da abin ya koma waya, wasu har batsa suke zubawa don a saya. Irin waɗannan in kin fara kin ga inda aka dosa, ki ajiye. Ki lura gasa ba ta son a ajiye littafi, don kwanakin da kika ɓata a kansa ba za su shiga lissafi ba, sai ki ga mutum yana ta jan abin da ya tsana har ƙarshe. Kada ki yarda. Lokacinki ya fi lambar tsada.

Tunda an zo kan na waya: marubutan nan mata da ke sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, yawancinsu da babban yatsa suke bugawa, tsakanin girki da raino. In littafin kuɗi ne, ki biya. Kada neman cike adadi ya sa ki karɓi wanda aka sato aka watsa. Haƙƙi ne, kuma kin sani. In za ki yi musu sharhi, ki soki rubutun da hujja, ki bar aurensu da tarbiyyarsu. Kada kuma ki shiga sahun masu matsa wa marubuciya ta kashe kishiya ko ta haɗa wane da wance. Rabin labaran da suka lalace a tsakiya masu karatu ne suka lalata su.

Ga abin da nake so. In kina son 52 ɗinki ki riƙe, in kin ga dama ki mayar da ita 30, babu wanda zai kai ki ƙara. Amma cikin watannin da suka rage ki ware littafi huɗu, ɗaya ya zama mai kauri sosai, ɗaya na matan Kano, ki karanta su a tsanake. Ki samu ƙaramin littafin rubutu, kowanne ki yi masa rabin shafi da hannunki, ba don kowa ya gani ba sai ni. Shaihu Umar kuma a sake shi, wannan umarni ne. Makon jarrabawa ban yarda a buɗe labari ko ɗaya ba, komai yawan ƙorafin manhajar.

Yayanki zai shigo Zariya ranar Asabar. Na ba shi Magana Jari Ce ɗina, duka ukun, ke kika san ko ɗaya za ki ƙirga su ko uku. Ki kula da na biyun, bangon ya saki, kuma aro ne ba kyauta ba. Akwai dambun nama da yaji a jakar, ki ɗiba wa abokiyar ɗakinki, ki gaishe ta. Ki riƙe salla a kan lokaci.

Allah ya tsare, ya ba da sa'ar jarrabawa.

Wassalam,
Ummanki