Darasin shari'ar Dariye: a ƙarfafa hukumomin yaƙi da rashawa

Malam Edita,

Ka ba ni fili in tuna wa masu karatu shari'ar tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye. Kuɗin da aka ware don magance zaizayar ƙasa, sama da naira biliyan ɗaya, aka karkatar. EFCC ta gurfanar da shi a 2007, bayan ya sauka, domin sashe na 308 na tsarin mulki ya hana a tuhumi gwamna mai ci. Hukunci bai zo ba sai 2018, shekara 14 a gidan yari, daga baya aka rage zuwa 10.

Me ya cinye shekara 11? Ɗaukaka ƙara a kan hurumin kotu, har Kotun Ƙoli, tun ba a fara sauraron shaidu ba. A irin wannan jinkiri, shaida na iya mantawa, wani ya rasu, takarda ta yi ɓatan dabo. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta toshe wannan kafa a sashe na 306, wanda ya hana dakatar da shari'a.

Abin da ya kama shi sawun kuɗi ne: cak, bayanan banki da sunan kamfanin da aka zuba kuɗin. Ma'aikacin da gwamna ya naɗa ba zai iya tono waɗannan ba, shi ya sa nake ganin dole hukumomin yaƙi da rashawa na jihohi su samu kasafin kansu, kuma kada a cire shugabansu sai da amincewar majalisa.

Afuwar da aka yi masa a 2022 kuwa ta karya gwiwar masu bincike ƙwarai.

Naka,
Wani mai karatu