Wa zai riƙe sashen Hausa a Doxygen idan aka buɗe shi?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan wani ɓangare na sana'ar rubuta manhaja wanda ba kasafai ake ambatonsa ba, duk da cewa shafukan kimiyya da fasaha ba sa rasa labarin matasan da suka ƙirƙiro sabuwar manhaja ta waya ko ta kwamfuta. Ina magana ne a kan manhajojin da aikinsu shi ne su bi ainihin rubutun da aka gina wata manhaja da shi, wanda masu sana'ar ke kira kod, su tsamo bayanan da marubucin ya bari a ciki, su shirya su cikin tsari kamar littafi domin wanda zai zo daga baya ya karanta ya gane. Na shafe shekaru ina amfani da ɗaya daga cikinsu mai suna Doxygen, kuma abin da na koya game da wahalar riƙonta shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Duk wanda ya taɓa zama a zaure gaban malami ya san bambancin matani da sharhi. Matani a taƙaice yake, a dunƙule, wani lokaci ma ba ya buɗuwa ga ɗalibi sai an warware masa. Sharhi kuma shi ne abin da wani masani ya rubuta a gefe ko a tsakanin layuka domin ya bayyana abin da mai matanin ke nufi. Haka kod yake. Kwamfuta matanin kawai take bi, ba ruwanta da sharhi, amma mai rubutun yana da damar ya sa wata alama ya rubuta bayani da harshen mutane, kwamfutar ta tsallake shi. Abin da Doxygen ke yi shi ne ta bi fayil bayan fayil, ta gane kowane ɗan sashe na kod da ke yin aiki guda, ta ɗauko sharhin da ke samansa, ta haɗa su a shafukan da ake buɗewa kamar na intanet ko kuma a littafin da za a iya bugawa, har da zane-zanen da ke nuna wane sashe ne ke kiran wane idan an haɗa ta da wata manhajar zane mai suna Graphviz.

Na fara sanin darajarta ne lokacin da aka danƙa mini wata manhaja ta lissafin kuɗin makaranta a wani wuri da na yi aiki, bayan wanda ya rubuta ta ya sami wani aikin ya tafi, lambar wayarsa kuma ta daina shiga. Na tarar da fayiloli da yawa, babu ko takarda ɗaya ta bayani. Sai na sa Doxygen ta samar mini da fayil ɗin saitinta, na kunna zaɓin da ke sa ta jero komai ko da babu sharhi a kansa, na sake ta. Cikin ɗan lokaci kaɗan ta fito da shafuka masu kyan gani, kowane suna yana kai ka ga inda aka yi amfani da shi, kuma na yi murna ƙwarai. Murnar ba ta daɗe ba, domin yawancin shafukan sunaye ne kawai a jere, ƙarƙashin kowane suna fili ne fari fat. A wuri ɗaya da na sami cikakken sharhi, an rubuta cewa sashen yana mayar da adadin kuɗi a naira, alhali kuwa wani ya gyara kod ɗin daga baya ya koma lissafi da kwabo bai taɓa sharhin ba. Na yarda da abin da na gani a shafin, na gina rahoto a kansa, sai ga bashin wani ɗalibi ya ninka sau ɗari. Allah Ya sa akawun wurin mutum ne mai lura, ya kama kuskuren kafin takardar ta isa hannun iyaye.

Ban ga laifin Doxygen a nan ba. Tana yin gargaɗi idan aka ambaci wani suna a sharhi wanda babu shi a kod, tana kuma iya ƙorafi a kan duk sashen da aka bari babu bayani, har ma ana iya saita ta ta ƙi ƙarasa aiki sai an gyara. Amma ba ta da hanyar sanin cewa naira ta koma kwabo. Wannan matsala ta tsufan sharhi ita ce ta haifar da irin waɗannan manhajoji tun farko. Donald Knuth na Jami'ar Stanford a Amurka ya wallafa maƙala a 1984 inda ya kawo shawarar a riƙa rubuta manhaja da bayaninta a fayil guda, kamar ana yi wa mutum bayani, sannan wata manhaja ta ware kod domin kwamfuta, wata kuma ta shirya bayanin domin bugawa. Tsarinsa bai yaɗu sosai ba, amma tunanin cewa bayani ya zauna kusa da abin da yake bayyanawa ya kama ƙasa. Kamfanin Sun ya fito da irin wannan manhaja mai suna Javadoc tare da harshen rubuta kod na Java a tsakiyar shekarun 1990, Dimitri van Heesch ɗan ƙasar Holan ya saki Doxygen a 1997, Georg Brandl kuma ya rubuta Sphinx a 2008 domin littattafan harshen Python, wadda daga baya, a 2016, masu kula da ƙwayar Linux, wato jigon manhajar Linux da ke tafiyar da kwamfuta, suka rungume ta. Masu harshen Rust sun ƙara matsawa gaba, domin manhajarsu ta bayani tana ɗaukar misalan kod da aka sa a cikin sharhi ta gwada su, idan misali ya daina aiki a sani nan take.

Abin da na fi so masu karatu su lura da shi shi ne nauyin da ke kan wanda yake riƙe da irin wannan manhaja. Mai kallo daga nesa zai ɗauka cewa aiki ne na tsinto sharhi kawai, wanda ɗalibin shekarar ƙarshe zai gama a zango ɗaya. Gaskiyar ita ce kafin Doxygen ta san sharhin wane sashe ne wannan, dole ta fahimci nahawun harshen da aka rubuta kod ɗin da shi, kuma ba harshe ɗaya take karantawa ba: akwai C da C++ da Java da Python da PHP da Fortran da wasunsu. C++ kaɗai ya isa ya hana mutum barci, domin nahawunsa na cikin mafi sarƙaƙiya, ga shi kuma tun daga 2011 kwamitin da ke kula da shi yake fitar da sabon ma'auni duk bayan shekara uku, wato 2014 da 2017 da 2020 da 2023, kowanne da sababbin ƙa'idoji. Duk ranar da masu rubutu suka fara amfani da sabuwar ƙa'ida, Doxygen za ta ci karo da abin da ba ta sani ba, ko dai ta tsallake shi ko ta manna sharhi a inda bai dace ba, sai wani ya zauna ya koya mata. Kuma yana gyaran ne da ɗari-ɗari, saboda dubban ayyuka sun dogara da yadda take yi tun shekaru ashirin da suka wuce, gyara ɗaya a nan na iya ɓata shafukan wani a can.

Akwai hanyoyin rage wannan nauyi, amma kowace da kuɗinta. Ana iya sa Doxygen ta nemi taimakon Clang, wata manhaja da ke juya kod zuwa abin da kwamfuta ke aiki da shi, wajen karanta C++, a sami ƙarin daidaito amma aikin ya ƙara jinkiri. Sphinx kuwa, idan za ta tsamo bayanin kod na Python, takan loda shi ne kamar za ta yi aiki da shi, ta tambaye shi abin da ke cikinsa. Wannan ya sauƙaƙa mata fahimta, amma idan wani abin da kod ɗin ya dogara da shi ba ya cikin kwamfutar, sai aikin ya tsaya. Masu riƙon waɗannan manhajoji kullum suna cikin irin wannan zaɓi ne, kuma kyauta ake raba abin da suke yi. Doxygen tana ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar amfani da ita da gyara ta, kod ɗinta a buɗe yake a GitHub, shafin intanet da ake ajiye kod, wanda ya fara ta kuma har yanzu yana cikin masu kula da ita bayan fiye da shekara 25. Ni kaina na yi shekaru ina cin moriyarta ban taɓa aika rahoton kuskure ko ɗaya ba, kuma ba na faɗar haka da alfahari.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu. Kalmomin da Doxygen ke sa wa shafukanta da kanta, irin su kanun sassa da jimlolin da ke cewa an samo wannan bayani daga fayil kaza, ana iya fitar da su da harsuna kusan 40, ciki har da Larabci da Farisanci da Turkanci da Indonisiyanci da Afirkans na Afirka ta Kudu. Babu Hausa a jerin. Na sha jin abokan sana'a suna cewa ya kamata a saka ta, kuma na goyi bayan haka, sai dai ina so mu dubi yadda tsarin yake kafin mu yi gaggawa. Kowane harshe fayil ne guda na C++ mai ɗauke da jimloli da kalmomi ɗaruruwa, kuma yawancinsu da sunan mutumin da ya ɗauki nauyinsu. Idan aka fitar da sabon zubi, wato sabuwar fitowa, na Doxygen da ƙarin jimloli, wanda bai sabunta nasa fayil ɗin ba za a cike masa gurbin da Turanci, manhajar kuma ta riƙa gargaɗin cewa fassarar ta tsufa. A cikin littafin Doxygen akwai jadawalin da ke nuna matsayin kowane harshe, kuma duk wanda ya duba zai ga harsunan da suka tsaya a wani tsohon zubi tun shekaru da dama, an fara su da zafi aka bar su. Ba na son in ga Hausa a wannan layi, rabin shafi Hausa rabi Turanci, da sunan wani ɗanmu a gefe wanda ya yi aikin domin ya sami abin rubutawa a takardar neman aiki.

Fassarar ma kanta ba ta yini ɗaya ba ce. Akwai kalmar class da masu C++ da Java ke amfani da ita wadda ƙamus zai ce maka ma'anarta aji, amma duk Bahaushen da ya ga aji a kan shafi ɗakin karatu zai tuna, alhali abin da ake nufi ya fi kama da zubi ko ƙira da ake fitar da abubuwa iri ɗaya daga gare ta. Gado ya zauna daram a inda wani sashe ke ɗaukar halayen wani, amma wasu kalmomin sai an yi shawara ko a fassara su ko a bar su da lafazinsu kamar yadda muka yi da fayil da kwamfuta. Sannan an gina yawancin jimlolin ne a kan tsarin Turanci, ana tambayar ko tilo ne ko jam'i, ba a tambayar ko namiji ne ko tamace, mu kuwa kalmomi irin su "na" da "ta" da "wanda" da "wadda" duk sun dogara ga jinsin kalmar da za ta shigo gurbin. Masu fassarar harsunan Turai da ke da jinsi sun sha wannan fama sun sami dabaru, kuma za a iya koyo daga fayilolinsu tunda a buɗe suke.

Akwai kuma batun haruffanmu masu ƙugiya. Na gwada rubuta sharhi da Hausa a wani ƙaramin aiki nawa, shafukan intanet suka fito lafiya da ɓ da ɗ da ƙ, domin Doxygen tana karanta UTF-8, tsarin adana rubutu da ke ɗaukar haruffan harsuna daban-daban. Da na zo fitar da littafin bugawa, wanda ke bi ta LaTeX, manhajar tsara rubutu domin bugawa, sai aikin ya tsaya a kan kalmar farko mai ƙ, da ƙorafin cewa ba a tanadi wannan harafi ba. Na shawo kan abin ta hanyar komawa XeLaTeX, wani nau'in LaTeX, da zaɓen nau'in rubutu mai ɗauke da haruffan, amma na ɓata yammaci guda kafin in gano bakin zaren, kuma na tabbata wani zai sake ɓata nasa a kan abu ɗaya tunda ban rubuta maganin a ko'ina ba. Irin wannan ƙaramin gyara, a rubuta shi a aika wa masu manhajar, ya fi ƙarfin a ce taimako ne ga Hausa kaɗai, domin Fulfulde ma tana amfani da ɓ da ɗ da ƴ.

Saboda haka kirana ga sassan nazarin kwamfuta da na nazarin harsunan Najeriya a jami'o'inmu, da takwarorinsu na Nijar, shi ne idan za a ɗauki wannan aiki a ɗauke shi a matsayin na sashe, ba na ɗalibi ɗaya ba. A sami malami daga kowane ɓangare, su daidaita kalmomin tare, a ajiye jerinsu a inda kowa zai gani, kuma duk shekara a ba wa ɗalibi ɗaya ko biyu aikin duba abin da sabon zubi ya ƙaro su fassara, a ba su maki a kan haka kamar yadda ake ba wa wanda ya gina sabon abu. Zan so kuma malaman da ke duba ayyukan kammala karatu su riƙa sa ɗalibi ya fitar da littafin bayanin kod ɗinsa da Doxygen ko Sphinx a gabansu, su buɗe shafi ɗaya su gwama shi da kod ɗin, domin a nan ne ake gane wanda ya fahimci abin da ya miƙa.

A nawa ɓangaren, na riga na fara jera kalmomin da ke cikin fayil ɗin Turanci tare da abin da nake ganin ya dace da su a Hausa, na kuma sa alamar tambaya a gaban waɗanda suka gagare ni, kuma ba su da kaɗan. Ban aika komai ga masu Doxygen ba tukuna, ba kuma zan aika ba sai na sami aƙalla mutum biyu da suka yarda a rubuta sunayensu tare da nawa a matsayin masu kula da fayil ɗin. Wanda yake da niyya zai iya tuntuɓata ta hannun wannan jarida idan Edita ya amince.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani mai rubuta manhaja, daga Kano