Sanarwa ga Sababbin Masu Ɗaga Ƙarfe

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Ganin yadda sababbi suka ƙaru a rukunin nan, za mu haɗu ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe 7 na safe a inda muka saba atisaye, domin a gyara wa kowa tsayuwa da riƙon ƙarfe. Kowa ya zo da ruwan sha da ɗan littafin rubuta nauyin da ya ɗaga.

Don Allah sababbi, ku fara da nauyin da za ku iya ɗagawa sau 8 zuwa 12 ba tare da baya ya lanƙwashe ba, sai ku riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Gaɓar da ta sha aiki a ba ta hutun kwana biyu, don a lokacin hutu da barci tsoka ke ginuwa.

Abinci kuwa, a nemi furotin (sinadarin gina jiki da ke cikin irin su nama, ƙwai da wake) kimanin giram 1.6 ga kowane kilo na nauyin jiki kullum. Mai son ƙarawa da kiriyatin (sinadarin da ake sha don ƙara wa tsoka ƙarfi), giram 3 zuwa 5 a rana ya isa, amma mai ciwon ƙoda ya fara ganin likita.

Tallan allurar sitiroid, wato allurar ƙara girman tsoka, an hana shi a nan, domin tana lalata hanta da zuciya. Duk wanda ya turo, za a cire shi.

Mai zuwa ya rubuta sunansa kafin Juma'a. Allah ya ƙara mana lafiya, na gode.