A Ba Littattafan Zane Fili a Jaridarmu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Daga Tawa nake rubuto maka. Ɗana mai shekara 14 kullum da yamma yakan ari wayata ya zauna gindin darbejiya yana karanta littattafan zane na Amurka, waɗanda 'yan makaranta ke kira BD. Wata rana na zauna muka karanta fitowa uku na Black Panther tare.

Zanen ya burge ni ƙwarai. Launi, motsin jiki, yadda ake yanka shafi har ka ji kamar ana dambe a gabanka. Labarin ne bai gamsar da ni ba. Kowace fitowa shafinta kusan ashirin ne, wata-wata take zuwa, kuma da zarar magana ta ɗau zafi sai a katse ta don ka nemi ta gaba. Wanda bai san abin da ya wuce ba sai ya ɓace a hanya. Ga Wakanda ɗin kanta, ƙagaggiyar ƙasar da Black Panther yake sarauta: Stan Lee da Jack Kirby ne suka ƙirƙiro jarumin a 1966, suna New York. Afirka ce da aka hango daga nesa, ba hura, ba ƙurar hunturu, ba muryar kaka.

Abin da ya fi damuna shi ne yaron ya san Superman na 1938 ciki da bai, amma bai taɓa jin sunan Moustapha Alassane ba. Mutumin da ya zauna a garin nan namu, ya zana kwaɗi ya sa su motsi a fim tun 1966, ya rasu a 2015! Jarumai kuwa ba mu rasa su ba. Sarauniya Mangu ta tare rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a Lugu a 1899. Ga 'yan tauri, ga 'yan kokowa da ke neman takobi duk shekara ƙasa na kallo.

Roƙona, Malam, ku ware ko rabin shafi ne kowane wata. A sami mai ido ya duba sababbin fitowa da Hausa, ya faɗa wa iyaye wacce ta dace da yara, don wasu jini ya yi musu yawa. A gefe kuma a buga zanen matasanmu. Na ga littafin lissafin ɗana, bayansa cike yake da zanen 'yan kokowa, kuma a shirye nake in aiko muku.

Naka mai karatu,
wani uba daga Tawa