Shin umarnin kotu a kan agolana ya hau kaina?

Assalamu alaikum Barista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Haɗejia. Shekara biyar ke nan da na auri wata bazawara wadda ta zo mini da agola, yanzu shekarunsa 14. Ubansa yana raye, yana ci-rani a Legas, amma tun yaron yana aji uku na firamare rabonsa da aiko masa ko da sabulu. Ni nake ci da shi, ni nake ɗinka masa kayan sallah, kuma a kwano ɗaya yake cin tuwo da 'ya'yana.

A ranin da ya wuce, shi da wasu samari suka kwance injin ban-ruwan wani maƙwabcinmu a fadama suka sayar da sassansa, kafin a gyara kuwa shinkafar mutumin ta ƙone a tsaye. Maigari ya yi ƙoƙarin sulhu, abin ya ci tura, magana ta kai kotu. A lokacin uwarsa tana jego, don haka ni na je na tsaya masa beli. Saboda ƙarancin shekarunsa alƙali bai tura shi gidan gyaran hali ba, sai ya ba da umarnin cewa iyayensa ko mariƙinsa su biya kasonsa na diyya, naira 80,000, su riƙa kai shi wurin jami'in jin daɗin jama'a duk wata, kuma su ɗauki alkawarin ba zai sake ba. Akawu ya miƙo takarda da tawada, na dangwala yatsa, domin a ranar ba abin da nake so illa in mayar wa uwa da ɗanta.

Tun daga nan hankalina bai kwanta ba. Limaminmu ya ce a mazhabar Malikiyya ciyar da yaro wajibin ubansa ne, kuma idan uwa ta auri wanda ba dangin yaron ba, renon yakan koma ga kakarsa ta wajen uwa. Ke nan abin da nake yi kyautatawa ce kawai. Shi kuma wani malamin makaranta ya ce dokar kare yara da Jigawa ta sa wa hannu a 2021, wadda ta biyo bayan ta tarayya ta 2003, tana duba hannun da yaro yake ne, ba jinin da ya fito ba. 'Yan'uwana kuwa gori suke yi mini, wai na ɗauki kayan da ba nawa ba, alhali ko garar aurensa ba za a nemi shawarata ba, baffanninsa ne za su zauna a kan tabarma.

Barista, kalmar mariƙi da ke cikin takardar ta haɗa da mijin uwa, ko kuwa dangwalen da na yi ne ya ɗaure ni? Idan yaron ya gudu wurin ubansa, ko wata ya wuce ban kai shi ba saboda aikin damina, ni za a aiko wa sammaci? Kuma akwai hanyar da zan roƙi kotu ta nemo uban ta ɗora masa diyyar nan, ba tare da matata ta ga kamar ina neman korar ɗanta ba? Saura mako uku wa'adin biyan ya cika, kuma sai na sayar da tunkiya biyu kafin in haɗa kuɗin.

Naka mai sauraro,
Wani manomi daga ƙasar Haɗejia